Tankin murjani mai lita 300: yaya zan haɗa fayif ɗin samp a gidan da ake yawan ɗauke wuta?

Abban Khalil: Slm 'yan uwa, dan Allah masu tankin ruwan gishiri ku matso kusa. Zan tashi daga kifin ruwan daɗi in koma kiwon murjani mai rai na teku, tankin da na bayar a haɗa min tsawonsa santi 120, faɗi 50, tsayi 50, lita 300 kenan. Tsohon tankina mai 90 da 40 da 40 shi nake so in mayar samp, wato tankin tace ruwa, in tura shi cikin kabad ɗin ƙasa, in sa sikima (na'urar da ke fitar da ƙazanta ta kumfa) da ɗan rifujiyam (ɗakin noman ciyawar teku) a ciki. Abin da ya ɗaure min kai shine haɗin fayif, huda nawa zan yi, wane ɗaki zai zo kafin wane, sannan babbar damuwata a Kano nake kuma unguwarmu a yini ɗaya sai a ɗauke wuta a kawo ba adadi, falon kuma da kafet, uwargida ta riga ta kafa min sharaɗi tun kafin gilashin ya iso.

Ɗan Tarwaɗa: Oga tanki biyu don kifi guda nawa? Mu da muke da dubu a kwalbati ɗaya ko sikima ba mu sani ba wlh

Maman Ilham: Kai Ɗan Tarwaɗa bari mutum ya yi tambayarsa mana. Abban Khalil barka da shigowa, aljihu dai zai ji a jikinsa. An riga an huda gilashin ko tukuna?

Abban Khalil: Tukuna Hajiya, na ce su dakata sai na ji ta bakinku

Injiniya Mu'azzam: Wslm. Madalla da ba a huda ba. Malam kafin maganar sikima da rifujiyam zauna ka yi lissafi ɗaya tak, nawa ne ruwan da zai gangaro ƙasa idan famfon da ke tura ruwa sama ya tsaya. Fuskar tankinka 120 sau 50, wato duk santi ɗaya da ruwa ya sauka lita 6 ce ta tafi samp. Samp ɗin kuma 90 sau 40, duk santi ɗaya a cikinsa lita 3.6 yake ɗauka. To da an ɗauke wuta fayif ɗin da ke kai ruwa sama juyawa yake ya fara zuƙo ruwa yana dawo da shi ƙasa, irin yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota, kuma ba zai daina ba sai bakinsa ya sha iska. In ka nutsar da bakin nan santi 10 cikin ruwa lita 60 ce za ta sauko, kusan santi 17 kenan a samp. In da ma ruwan samp ɗin yana kan santi 25, ga 17 ta hau kai, 42 kenan a tanki mai tsayin 40. Sauran kafet ɗin uwargida ne zai sha.

Abban Khalil: Innalillahi. To ya ake yi?

Sani Falamba: Yallabai wannan ai ba abin tada hankali bane, bawul ɗin non-ritan za ka saka a layin da ke hawa, ruwa ya hau amma ba ya dawowa. Kullum ita muke sakawa a layin tankin sama na gidaje kuma shekara da shekaru ba a kiran mu

Nura Jidda: Malam Sani da girmamawa, a ruwan gida gaskiyarka ne amma ruwan gishiri wata duniya ce. Ni aikina kenan a nan Jidda, kula da tankunan mutane a gidaje da ofisoshi, kuma in ka kwance fayif ɗin da ya shekara a tankin murjani ka haska tocila ciki za ka ga fararen ƙananan tsutsotsi masu ɓawo sun manne kamar an yayyafa, ga soso ga ɓawon kalsiyam. Ɗaya daga cikinsu ya zauna a bakin murfin non-ritan ɗin shikenan ba za ta rufe ruf ba, kuma ba za ka sani ba sai daren da aka ɗauke wuta kana barci, tana ɗiga a hankali har samp ya cika ya tumbatsa. Ban ce kar a saka ba, amma a yi lissafin kamar babu ita.

Sani Falamba: To ai sai a riƙa wankewa

Nura Jidda: A watan farko kowa yana wankewa

Injiniya Mu'azzam: Hanya biyu ce kuma a haɗa su duka. Ta farko ka ɗaga bakin fayif ɗin ya zauna kusa da saman ruwa, santi 3 zuwa 4 ya isa. Ta biyu ka huda ƙananan ramuka guda biyu a jikinsa dab da ƙasan layin ruwa, da ruwa ya sauka kaɗan iska ta shiga zuƙon ya karye. Na ce biyu saboda dodon koɗi yana iya zuwa ya kwanta a kan ɗaya daidai lokacin, ko gansakuka ta toshe. Amma lissafinka ka yi shi da bakin fayif, ba da ramin ba. Santi 4 sau 6 lita 24, ka ƙara ruwan da ke cikin fayif-fayif da akwatin obafulo (inda ruwan tanki ke malala kafin ya gangara samp) da cikin sikima, ka ce 30, santi 8 da ɗoriya kenan. In ruwan samp yana aiki a kan 24 ko 25 kana da sararin santi 15, sama da lita 50, ko da komai ya ƙi ka tsira.

Abban Khalil: Na rubuta. Saura hudar, a wani bidiyo na ga guda ɗaya, wani biyu, wani uku

Injiniya Mu'azzam: Sunayensu Durso, Herbie da BeanAnimal, duk sunayen masu kiwon murjani ne da suka yaɗa tsarin a Amurka. Durso fayif ɗaya ne da gwiwa a samansa da ɗan ramin iska, ruwa da iska suna sauka tare, shi ya sa yake ƙugi yana kawo kumfa, kuma in ya toshe ba shi da mataimaki. Herbie biyu ne, ɗaya a nutse yake gaba ɗaya ba iska a cikinsa, ana saita shi da get bawul, makunnin rage gudun ruwa, har ruwan da ke sauka ya yi daidai da wanda famfo ke turowa, na biyun a sama yake tsaye yana jiran ranar da na farko zai toshe. BeanAnimal uku, an ƙara na tsakiya mai ɗaukar ɗan rarar da ke zuba. Ni a lita 300 Herbie zan ce.

Nura Jidda: Ni uku zan ce, kuma dalilina shine wutar da ya ambata. Herbie lafiya lau yake in famfo yana gudu ba tsayawa, amma duk sanda wuta ta dawo sai fayif ɗin farko ya kori iskar cikinsa kafin ya kama, a wannan ɗan tsakanin ruwa yana hawa cikin akwatin yana bi ta na gaggawa. Wanda za a yi masa haka sau da yawa a yini, ga sauyi daga wutar gari zuwa janareto, ƙarfin famfo yana ɗan canzawa, gara ya samu na tsakiyan nan ya riƙa shanye bambancin, ba kullum yana durƙushe gaban kabad yana murɗa bawul ba. Rami ɗaya ne kawai ƙari.

Injiniya Mu'azzam: Rami ɗaya a gilashi ba kawai bane Malam Nura, musamman a hannun mai yankan gilashin taga. Kuma in an haɗa Herbie daidai da kansa yake kamawa cikin minti ɗaya ko biyu. Sirrin a ƙasa yake, bakin fayif ɗin kar ya nutse a ruwan samp fiye da santi 2 zuwa 3, in ya yi zurfi iska ba ta iya fita. Kar a kwantar da fayif a miƙe, in dole sai an karkata a yi da gwiwa mai 45. Get bawul ɗin kuma can ƙasa kusa da samp.

Nura Jidda: Duk na yarda da waɗannan, amma dai ina kan uku

Sani Falamba: Me ya sa sai get bawul, bol bawul ta fi araha kuma ko ina akwai

Injiniya Mu'azzam: Saboda saitin na gashi ne. Bol bawul kwata ɗaya take juyawa daga buɗe zuwa rufe, ka taɓa kaɗan ta wuce, get bawul kuwa zagaye da yawa take yi sai ka samu daidai inda ƙarar ta ɗauke. Amma ta roba zalla, ba irin ta tagullar da kuke sakawa a gidaje ba.

Maman Ilham: Yauwa a nan zan shigo, Malam Sani kar ka ji haushi. Abban Khalil duk wanda zai haɗa maka fayif ka tsaya a kansa. Kar tagulla ko jan ƙarfe ya taɓa ruwan nan ko kaɗan, jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi, ɗan kaɗan ya isa. Koren fayif ɗin nan PPR da ake haɗawa da wuta shi kansa ba laifi, amma duba soket ɗinsa masu zare, za ka ga ƙarfe a dasa a ciki, tagulla ce aka yi mata fenti mai ƙyalli. PVC na matsin ruwa za ka saya da gam ɗinsa, kuma ka sa yuniyan, mahaɗin da ake kwancewa da hannu, a gaban famfo da bayan bawul da ƙarƙashin kowane bolkhed, wato mahaɗin da ke zama a ramin gilashi a jona masa fayif, ranar wanki za ka yi min addu'a.

Sani Falamba: Ba haushi Hajiya, ilimi ne. Amma ni ma ga tawa, ku sayi bolkhed ɗin tukuna kafin ku sayi fayif. Kayan da ake odarsu wasu da milimita suke zuwa, 25 ko 32, wasu da inci, kuma 32 da inci ɗaya a ido kamar ɗaya suke amma ba sa shiga juna daidai, gam ba ya cike wannan giɓin. Ka ɗauki bolkhed ɗin a aljihu ka je kasuwa ka gwada a gaban mai kaya.

Nura Jidda: Wannan magana ta Malam Sani a rubuta ta da ja. Haka ma ramin, na inci ɗaya yawanci milimita 45 yake so amma a auna na hannu kafin a sayi abin huda. Sannan ka tabbatar gilashin ba tamfad bane, wato wanda aka gasa don ya yi ƙarfi, tamfad ba ya huduwa, tarwatsewa yake gaba ɗaya. Ka sa farin allon waya a bayansa ka duba da tabarau mai folarais, irin mai kashe ƙyalli, kana juya shi, in ka ga zane-zane ko tabo-tabo to tamfad ne. Hudar da abin huda mai lu'ulu'u ake yi, ana zuba ruwa, ba dannawa, nauyin diril ɗin ya isa, kuma a bar tazara daga gefe aƙalla faɗin ramin. Robar bolkhed tana zama ɓangaren fuskarsa ba ɓangaren noti ba, ba a shafa mata silikon, a ɗaure da hannu a ƙara kwata, in ka sa sifana ka matse sai ya tsage.

Abban Khalil: To in na guje wa hudar fa gaba ɗaya, na ga akwai akwatin da ake ratayawa a baya

Nura Jidda: Shi da zuƙo yake tsallakar da ruwa ta saman gilashi, iska tana taruwa a gwiwar a hankali, ranar da zuƙon ya karye famfo zai ci gaba da turo ruwa sama ba mai saukar da shi. Mai tsohon tanki cike da kifi shi ake yi wa uzuri, kai naka ko ruwa bai gani ba, huda kawai.

Abban Khalil: Shikenan. Yanzu ɗakunan samp, santi 90 ɗin nan ya zan raba

Maman Ilham: Nawa a jere yake, ruwa ya faɗo cikin safar tacewa, sikima, rifujiyam, sai gilasai uku masu kama kumfa, sai famfo. Duk ruwan yana ratsa rifujiyam ɗin. Ciyawar teku Chaetomorpha nake nomawa, keto dai, kuma ita tana son ruwa mai motsi, in ta samu har juyawa take kamar ƙwallo kowane gefe ya sha haske. Duk bayan sati biyu ina yage kusan rabi in zubar, abin da na zubar ɗin shine ƙazantar naitiret da fosfet suka fita daga tankin. In ka ɗaga ta ka girgiza a farin roba za ka ga ƙananan ƙwari suna tsalle, kofifod, su kifin mandarin yake ci.

Nura Jidda: Ni kuma famfo a tsakiya nake sawa, sikima a hagu rifujiyam a dama, in cire reshe daga layin famfo da ƙaramar bawul in ba rifujiyam ruwansa daban. Amfanin shine gilashinsa zan iya ɗaga shi har santi 30 ya ɗauki ruwa da yawa, alhali sikima ita yawanci kusan santi 20 take so kuma ba ta son zurfin yana canzawa. A 90 sai ka ba sikima 30, masu kama kumfa 8, famfo 20, sauran na rifujiyam.

Injiniya Mu'azzam: In ya ɗaga rifujiyam zuwa 30 ya cinye sararin da muka lissafa a sama fa. Kashi ɗaya cikin uku na samp ɗin ya koma saura santi 10 maimakon 15.

Nura Jidda: Haka ne, amma ɗakin famfo da na sikima suna ƙasa da 25, abin da aka rasa can an samu nan. Ya dai sake lissafin ɗaki-ɗaki

Maman Ilham: Reshe da bawul da ƙarin gwiwa, duk wuraren ɗiga ne Malam Nura. Mutum sabon shiga a bar shi da layi ɗaya miƙaƙƙe. Su masu kiwon murjani da tsarin Triton na Jamus ma rifujiyam suke sawa farko, ruwa ya faɗo masa kai tsaye da ƙarfi, kuma murjaninsu ba ya kuka.

Ɗan Tarwaɗa: Ni dai tambayata ciyawar nan ba za a samu a kududdufi ba sai an yi oda?

Maman Ilham: Ta ruwan gishiri ce Ɗan Tarwaɗa, ta kududdufi narkewa za ta yi. Abban Khalil in ka samu mai ba ka ciyawa ka tabbatar keto ce ba Caulerpa ba. Caulerpa tana saurin girma amma wata rana sai ka tashi ka ga ta yi fari fat ta saki duk abin da ke cikinta ruwa ya yi dumu-dumu, kuma in ta kama dutse a tankin sama ba ta fita. Wani nau'inta ne aka fara gani a tekun Bahar Rum a gaɓar Monako a 1984, daga akwariyam ya fita, ya mamaye ƙasan teku a ƙasashe da dama.

Abban Khalil: Fitilar rifujiyam fa, na ji an ce da dare ake kunnawa

Injiniya Mu'azzam: Dalilin shine da dare in fitilar sama ta mutu murjani ya daina shan iskar kabon, sai ta taru pH ya sauka, wato ruwa ya ƙara tsami, to in keto tana aiki a lokacin sai ta rage faɗuwar. Amma kai da ke kan inbata da dare ka yi lissafi, fitila mai wat 30 awa 10 wat-awa 300 kenan daga batir. In batirin ba shi da ƙarfi abin da ya fi cancanta da shi shine famfon igiyar ruwa na cikin tanki, don abin da ke fara kashe kifi in wuta ta daɗe rashin iskar shaƙa ne, ba pH ba. Ka kunna ta daga la'asar zuwa tsakar dare ma ya yi.

Abban Khalil: Famfon samp ɗin wane girma? Mai shago ya ce in ɗauki mai lita 6000 a awa

Nura Jidda: Mai shago kaya yake sayarwa. Ninki 4 zuwa 5 na tankin a awa ya wadatar, lita 1200 zuwa 1500 a bakin fayif. Abin da aka rubuta a kwali ba tare da hawa bane, in ruwa ya hau mita ɗaya da wani abu ya bi gwiwoyi kusan rabi ya tafi, saboda haka mai 3000 na DC da ake rage masa gudu ya ishe ka. Babban famfo zafi yake zubawa a ruwa, kai kuma a watan Afrilu a Kano kana kokawar riƙe digiri 25 zuwa 26 ana 40 a waje. Motsin da murjani ke so famfunan cikin tanki ne ke bayarwa.

Injiniya Mu'azzam: Akwai ambaliya ta biyu da ba mu taɓa ba, ta sama. A ce duk magudanan sun toshe, famfo zai kwashe abin da ke ɗakinsa ya tura sama. Ɗaki mai 20 da 40 da zurfin 20 lita 16 ce, tankin sama in ka bar santi 3 daga baki yana ɗaukar 18, ya shige. Shi ya sa ba a yin ɗakin famfo ƙato. Illar kuma duk ruwan da ya tafi a tururi a wannan ɗakin kaɗai yake nunawa, da hunturu ko in ka ɗora fanka a kan samp sai ka ga ya ja ƙasa da wuri famfo ya fara shan iska. Dole ka sa ATO, na'urar da ke cikowa da kanta, kuma ruwan RO zalla, wanda inji ya tace tas, take zubawa ba mai gishiri ba, gishiri ba ya bin tururi. Jarkarta kar ta yi girma, in ta rikice ta juye duka gishirin tankin ya faɗi daga kashi 35 cikin dubu.

Nura Jidda: Mu nan Bahar Maliya kusan 40 take, amma tankuna a 35 muke riƙewa, 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Abu ɗaya da za ka gani ranar farko, in wuta ta dawo samp yana cike, sikima ta tashi a ruwa mai zurfi sai ta haukace ta cika kofinta ta amayar da ƙazantar cikin samp. Ka saya mata soket mai jinkiri, irin na firji, ta jira minti 5 ruwa ya koma daidai.

Sani Falamba: Wannan kam akwai shi a kowane shagon kayan wuta

Maman Ilham: Gilasan raba ɗaki ka sa a yanka maka gilashi, ba roba ba, silikon ba ya riƙe akirilik da kyau a jikin gilashi. Silikon ɗin kuma ka karanta jikinsa, in an rubuta yana hana fumfuna na banɗaki ne, ajiye musu. Tsakanin masu kama kumfa santi 2 da rabi zuwa 3, na tsakiya a ɗage daga ƙasa. Safar tacewa kuma in ba za ka iya canza ta duk kwana biyu uku ba gara kar ka sa.

Abban Khalil: Allah ya saka da alheri. Abin da na tsayar, huda uku na sauka ɗaya na hawa, Injiniya ka yi haƙuri, ɗakuna kuma a jere irin na Hajiya, Malam Nura kai ma ka yi haƙuri. Non-ritan ba zan saka ba.

Sani Falamba: Ni ba wanda ya ba ni haƙuri

Injiniya Mu'azzam: Hhh. Kafin gishiri ya shiga ka cika da ruwan famfo a tsakar gida ko gareji ka gwada. Kashe famfo ka toshe ramukan nan biyu da yatsa ka ga inda ruwa zai tsaya a samp, ka sa masa alama da tef. Kunna ka ga ko zai kama da kansa ba ka taɓa bawul ba, ka maimaita kamar sau goma. Sai ka rufe get bawul gaba ɗaya ka ga na tsakiya zai ɗauka, ka toshe shi ma ka ga na gaggawa. Shi na gaggawan bakinsa a saman ruwan samp za ka bar shi kar ya nutse, don in ruwa ya bi ta nan ya yi ƙarar da za ta tashe ka.

Nura Jidda: Ka sa raga a bakin na farko da murfi a kan akwatin, dodon koɗi da ƙananan kifi can suke nufa. Na gaggawa kuma a bar shi a buɗe ba raga. In bolkhed ɗin sun iso turo hotonsu da ruler a kai kafin mai gilashi ya taɓa diril.

Abban Khalil: In sha Allah, an ce sati mai zuwa za su iso